Kaburburan Sarakunan Garin Abokina

Shekara goma sha ɗaya muka yi a gida ɗaya a Unguwar Ofisoshin Jakadanci ta Riyad, ni ina tuƙi, shi yana girki. Gidan na wani ofishin jakadanci ne. Masu gida sukan zo su yi shekara uku ko huɗu a canza su, mu kuwa muna nan tare da kujeru da labulaye. Shi mutumin Vietnam ne, mabiyin addinin Buddha, gajere, mai son hira. Ni daga Azare nake. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensu, Turancinmu kuma bai taka kara ya karya ba, sai muka tsaya a kan Larabcin nan na 'yan ci-rani wanda Balarabe kan ji ya yi murmushi. Yana ce mini Sadik, ina ce masa Sadik, wato aboki.

Da azumi, shi da ba ya yi, shi ke fara duba agogo. Ta waya ya koyi dama kunun tsamiya a wurin matata, tana nuna masa da hannu daga tsakar gidanmu, yana kwaikwaya. Na farko ya yi gudaji, na uku kuwa ban iya bambance shi da na gida ba.

Hirarsa ba ta wuce garinsu, Hue, inda sarakunan ƙasar suka zauna a da. Akwai wata tsohuwar kalanda a bangon kicin da ya hana a cire, mai hoton wani kabarin sarki a jikin tsauni, da matakala baƙaƙe suna hawa. Yana yanka albasa yana ba ni labarin abin da ke saman matakalar ɗaki bayan ɗaki, har na haddace. Kullum ƙarshen zancen ɗaya ne: wata rana zan je, zai kai ni.

Sai ya fara ramewa. Asibiti suka ce hanta ce, kuma an makara. Aka buga masa bizar fita ta ƙarshe, ni na kai shi filin jirgi. Bayan wata biyar 'yarsa, wadda malamar makaranta ce kuma tana jin Turanci, ta aiko mini da saƙo cewa idan ina da niyyar zuwa, kada in jinkirta.

Hutuna na shekara ya kusa, yara a gida suna ƙirga kwanaki. Na kira matata ina ta kewaye-kewaye, ta katse ni.

"Ka fara zuwa wurinsa," ta ce. "Mu in Allah ya so za ka same mu."

Da na isa Hue na gan shi a ƙofar gidansu, da murya na gane shi. Wuyansa ya zama kamar sillen kara, cikinsa kuma ya kumbura. Ya riƙe hannuna ya ce na yi ƙiba, lallai sabon mai girki yana zuba mai da yawa. Tun kafin in ajiye jaka ya sanar da ni cewa gobe za mu fita yini guda. Matarsa ta yi ta faɗa da yarensu, ya yi kamar bai ji ba.

Da safe 'yar ta aro motar wani ɗan'uwansu. Aka jera masa matasan kai a kujerar gaba, ni na zauna a baya. Ban saba zama a bayan mota ba, ƙafata sai taka burkin da babu take yi. Ana ɗan yayyafi, ko'ina kore shar, irin koren da idona ya manta da shi a Riyad.

Mun fara da wani tsohon wurin ibadarsu a kan tudu, bakin kogi, mai doguwar hasumiya hawa-hawa. A harabar na ja na tsaya. Daga inda nake ina hango manyan mutum-mutumi masu ruwan zinariya a ciki, da hayaƙin turare, da masu ibada sun yi aski ƙwal suna rera wani abu da murya ɗaya. Ban san yadda zan gaya masa ba zan shiga ba, ba tare da na ɓata masa rai ba. Ashe ya riga ni.

"Sadik, kai tsaya nan ƙarƙashin bishiya. Kogin ya fi kyau daga nan."

Na tsaya. Ina kallo 'yarsa ta cire masa takalmi, ta kunna masa tsinken turare, ta riƙe shi ta hammata har ya sunkuya sau uku. A shekarun da muka yi tare ban taɓa ganin yana ibada ba. A Riyad a cikin ɗakinsa yake yi, ƙofa a rufe. Sau nawa ya gan ni ina sallah a gefen gareji, yana rage ƙarar rediyo, ni kuwa sai ranar na ga tasa. Aka buga wata ƙatuwar ƙararrawa, ƙarar ta daɗe tana yawo a kan ruwa.

Daga nan muka fita bayan gari, muka bi ta wani ƙauye da ake yin turaren tsinke, an baza shi a bakin hanya dami-dami, ja da rawaya da shuɗi. Kabarin farko da muka shiga ba abin da zan kira kabari ba ne. Unguwa ce guda a cikin ganuwa, da tafki cike da bado, da rumfar katako a bakin ruwa, da dogayen itatuwa. 'Yar ta ce sarkin da ransa ya gina wurin, yakan zo ya zauna yana rubuta waƙoƙi. Mata da yawa ya aura amma bai haihu ba, saboda haka babu ɗan da zai rubuta tarihinsa a kan dutse kamar yadda al'adarsu take. Shi ya rubuta da kansa, ya kuma lissafa kurakuransa a ciki. Mun tsaya gaban dutsen, ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Ta ƙara da cewa ana faɗin gawar ma ba a nan take ba, an binne shi a wani wuri da ba wanda ya sani.

Na tuna maƙabartar da muke kai 'yan'uwanmu a Riyad in ajali ya same su a can: fili fetal, duwatsu biyu ƙanana, ba suna. In ka koma bayan wata guda ba za ka gane wurin ba.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina abokina ne. Yana tafiya a hankali yana dafe da kafaɗata, yana ta waige-waige. Da muka zo inda hanya ta rabu biyu, sai ya tambayi 'yarsa ta ina ake bi. Ya tsaya yana karanta allunan bayani ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Na ɗauka ciwon ne ya taɓa masa tunani.

Da azahar muka tsaya a wani ƙaramin wurin ibada a cikin itatuwa, wanda danginsa ke zuwa tun kakanni. A nan muka ci abinci. Ya ce ya zaɓi wurin ne don ba sa dafa nama ko kaɗan, in ci hankalina kwance. Shinkafa ce da awara da ganyaye iri-iri. Ya ɗanɗana miyar ya ce gishiri bai ji ba, cokali biyu ya sha ya ture. Da muka gama ya yi magana da wani tsoho daga cikin masu kula da wurin, tsohon ya kai ni bayan kicin, ya nuna mini famfo da wani dandamali mai tsabta. 'Yar ta fito da sabuwar tabarma daga but ɗin mota, ashe tun shekaranjiya ya aike ta ta sayo. Na duba alƙibla a waya, na fuskanci yamma, na yi sallata.

Bayan na idar ya kira ni zuwa wani ɗaki a gefe. Bangon cike yake da ƙananan hotunan mamata, layi-layi, da furanni a ƙasa. Ya nuna mini mahaifinsa da mahaifiyarsa. Sannan ya ɗora yatsa a wani gurbi da ba kowa.

"Nan ni," ya ce. "Na zaɓi hoton da ka ɗauke ni ranar da muka je sahara. Na fi ƙiba a ciki."

'Yar ta fita waje. Ni kuma na ce masa hoton bai fito sosai ba, rana ta yi yawa. Ya ce haka yake so.

La'asar ta kusa muka isa kabarin da ke jikin kalanda. Tun daga mota na gane shi. Matakalar ta fi yadda take a hoto tsayi, ga ta a jiƙe. Ya fito ya tsaya a gindinta ya ɗaga kai. Ya hau uku, ya tsaya yana haki. Na ce bari in goya shi, ai buhun shinkafa ya fi shi nauyi. Ya yi dariya ya yarda. Na durƙusa ya hau bayana, amma ban yi taku goma ba na ji yana nishi a kunnena, cikinsa ba ya son matsi. Na sauke shi a kan matakala, 'yar ta lulluɓa masa rigar ruwa.

Da numfashinsa ya dawo, ya ce, "Sadik, zan gaya maka wani abu. Ban taɓa hawa can ba."

Na ce ban gane ba.

"Ko sau ɗaya. Wancan kabarin na safe ma yau na fara shiga. Ina saurayi kullum ta nan nake wucewa a keke, ina cewa ai yana nan, ba inda za shi. Sai aure, sai aikin jirgin ruwa, sai Riyad. In na zo hutu, gaishe-gaishe da gyaran rufi su cinye kwanakin. Abin da nake ba ka labari, a littafi na karanta." Ya share fuskarsa. "Daga baya kuma sai na ce bari in jira ka, mu hau tare."

Na ce masa ni ma a jiharmu Yankari take, kuma ban taɓa taka ta ba. Ya ce to ashe duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Sannan ya tura ni da hannu.

"Yalla, maza hau. Ka duba da kyau, ka zo ka gaya mini."

Na hau ni kaɗai. A fili na farko akwai fadawa na dutse a jere, da dawakai da giwaye, ruwan sama yana bin fuskokinsu. Na sake hawa. A can ƙoli akwai wani gini da bangonsa duk fasassun tangaran ne da kwalabe aka jera suka zama furanni da tsuntsaye. A rufin an zana gizagizai da wasu halittu masu kama da macizai. A tsakiya ga sarkin an ƙera shi da tagulla yana zaune a kan karaga, gawarsa tana ƙasa. Komai yana inda abokina ya ce yake. Baƙi suna ta ɗaukar hoto. Na fito baranda na leƙa ƙasa, na hango shi ɗan mitsitsi cikin shuɗiyar rigar ruwa, kansa a jingine da kafaɗar 'yarsa. A nan kuka ya zo mini. Na juya wa mutane baya na yi abina, na wanke fuska da ruwan da ya taru a kan dakali, sannan na sauko.

Na miƙa masa waya ya ga hotuna, ya ce a'a, da baki yake so. Na zauna kusa da shi a jiƙaƙƙiyar matakala na fara, da guntun Larabcina. Na ce akwai maciji mai ƙafafu a rufi. Ya ce ba maciji ba ne, kuma ba ɗaya ba ne, in ƙara tunani. Na ce giwayen suna dama, ya ce ai ta kowane gefe akwai. Haka muka yi ta yi, ina faɗa yana gyara mini, har mai gadi ya zo ya ce za a rufe.

Kwana biyu na ƙara na wuce gida. Bai iya raka ni ko ƙofa ba, fitar nan ta kwantar da shi. Har yau ban sani ba ko matarsa ta yafe mini.

Mako shida bayan nan, na riga na koma Riyad, ina cikin mota a ƙofar wani ofishi ina jiran maigida, saƙon 'yar ya shigo: "Baffa, Baba ya tafi da safen nan." Bakina ya buɗe zai faɗi abin da muka saba faɗa in an yi rasuwa, sai na tuna ba Musulmi ba ne, na fasa addu'ar. Maigida ya fito, na buɗe masa ƙofa, na kai shi inda za shi.

Ranar Juma'a na je Batha, unguwar da 'yan ci-rani ke taruwa, na sami wani ɗalibin ilimi ɗan Damagaram da muke gaisawa, na ba shi labari duka. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce abin da na sani game da addu'ar haka yake, ba zai canza mini shi ba. Amma baƙin ciki ba laifi ba ne, kuma alherin da mutum ya yi maka ba a hana ka tuna shi ba, in kuma riƙa neman labarin iyalinsa. Sauran, ya ce, in bar wa Allah, ya fi mu sanin bayinsa.

A gidan da muke aiki ba wanda ya san shi sai ni, don an yi canjin masu gida. Abokaina na Batha da na gaya wa sukan ce ayya, su ci gaba da zancensu. Sai da na kira Azare da yamma. Da na gaya wa matata, na ji tana cewa yara su rage surutu. Sannan ta gyara murya ta gaishe ni yadda ake gaida wanda aka yi wa rashi.

"Sannu. Ya haƙuri?"

Na ce haƙuri sai ma'aiki. Ban kashe wayar ba, ita ma ba ta kashe ba.