Mama Sabiha, Mai Gangar Zubair

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga Rajab, Mama Sabiha 'yar Marzuƙ ta cika a gidanta da ke garin Zubair, kusa da Basra, tana da shekara tamanin da ɗaya. An yi mata sutura bayan la'asar.

Mama, ni ne Abbud. Lokacin da aka sako mu fursunonin yaƙi na dawo Basra, na yi wata biyar ban furta kalma ba. Likita ya ba da ƙwayoyi, ba su yi komai ba. Mahaifiyata ta ja ni zuwa tsakar gidanki, inda mutanenmu baƙaƙe ke taruwa kowace Alhamis da yamma.

Kika kalle ni kika ce, "Kai Abbud, shekara tara a hannun mutane, ko gaisuwa ba su bar maka ba?" Sai kika miƙo mini doguwar gangar nan da kakanninki suka zo da ita daga Zanzibar. "Shanya mini fatarta a rana, bayana na ciwo."

Mako uku aikina ke nan. A na huɗu na kai wa gangar hannu, na buga. Kika ce, "Wannan kiɗa ne ko dukan jaki?" Na ce, "Jaki." Mahaifiyata ta zauna a ƙasa tana kuka, ke kuma kika ci gaba da waƙarki cikin harshen da babu wanda ya san ma'anarsa a cikinmu yanzu. Kin sha cewa ba sai mun fahimta ba, riƙewa aka ce mu yi.

Shekarun da masu bindiga suka hana kiɗa a gari, maƙwabcinki Hajji Jabbar ne ya nuna musu ƙofarki. Ba su sami komai ba, domin kin binne gangunan a gonar dabino, naɗe cikin barguna. Matan da aka kashe wa maza ba su daina zuwa ba. Kina kaɗa musu farantin shayi a kan cinyarki, a hankali, har su yi kukansu su tashi su ci abinci.

Bayan shekara biyu aka harbe surukin Hajji Jabbar, matarsa, 'yar Hajjin, ta daina ci da barci. Uban ya kawo ta ƙofarki, ya kasa ɗaga kai. Abin da kika ce kawai shi ne, "Hajji, matsa mata ta shigo." Jiya shi ne a gaba wajen ɗaukar makararki, da tsufansa, ya ƙi yarda a karɓe shi har bakin kabari.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarki Jawahir, wadda gangunan suka koma hannunta, da jikokinki, da dukan mutanen unguwa. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya mana. Amin.