Wanda Ya Riƙe Ɗaya Bakin Sarƙar

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Delbert Hutchins na garin Elmsby, a gidansa da ke bayan tsohon injin katako, yana da shekara saba'in da tara. Ciwon huhu ne, irin wanda ramin kwal ke bar wa duk wanda ya daɗe a cikinsa. Ina gareji ina fama da batirin mota waya ta yi ƙara. Matarsa Lorene ce. Ta ce, "Orville, abokin faɗanka ya tafi." Na ce mata to. Abin da bakina ya iya furtawa ke nan.

Ni ne Orville Stamper, mutumin Redfork, wannan gefen kogi. A aji biyar na bar makaranta, na ƙare ƙarfina a tuƙin motar kwal. Editan jaridar nan ya so a ba wani malamin kwalejinmu ya rubuta wannan ta'aziyya, na ce ban yarda ba. Mutanen kwalejinmu ba su da bakin magana a kan Delbert. Ni ma ba ni da shi sosai, amma gara nawa da nasu.

Tun zamanin kakanninmu, Asabar ɗin ƙarshe ta Nuwamba ranar wasan kogi ce. Kwalejin Redfork da ta Elmsby su kara a ƙwallon Amurka, irin wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, bana a filinmu, baɗi a nasu. Sarƙar awo kuwa, mai yadi goma da sanda a kowane baki, wadda da ita alƙalin wasa ke gane ko yara sun ci tazarar da za su ci gaba da riƙe ƙwallo ko su miƙa ta ga abokan hamayya, ba a taɓa barin gari ɗaya ya riƙe ta ba. Mutum ɗaya daga nan, ɗaya daga can, don kada wani ya koma gida yana cewa an cuce shi. Ni ne na nan. Kai ne na can, Delbert. Shekara arba'in muna gudu a gefen fili da sarƙa a tsakaninmu, cikin ruwa, cikin ƙanƙara, ba a biyan mu ko kwabo.

Ba ka taɓa zuwa fili hannu wofi ba. Filas ɗinka kore na kofi, da burodin masara da Lorene ta naɗe a tawul. Idan an tafi hutun rabin lokaci sai ka zuba mini a murfin, ka ce, "Sha, tsohon jaki, ko idonka ya buɗe ka ga yadda ake ƙwallo." Ni kuma in ce, "Ɗan tsallake, wannan kofi ne ko ruwan wankin safa?" Amma in shanye.

Mutanen Elmsby sun fi ni sanin alherinka, su za su faɗa. Ni dai na san ba a taɓa yin bikin godiya na ƙarshen kaka ba tare da teburinka ya cika da yaran kwaleji waɗanda gidajensu suka yi musu nisa ba, kuma rabinsu namu ne, yaran da jibi za su shiga fili su yi ƙoƙarin karya ƙashin naku. Na san shekarar da kogi ya yi ambaliya, kwalekwalenka ne ya kwashe tsofaffin layin cocinmu tun kafin 'yan kwana-kwana su iso. Kuma lokacin da matata Maxine take jinyar da ba ta tashi ba, duk safiyar da ƙanƙara ta zuba sai in leƙo in tarar an share mini hanya daga ƙofa har titi. Na ɗauka yaran maƙwabta ne, har na kai musu alewa. Sai bayan an binne ta wata maƙwabciya ta gaya mini motarka take gani tana tsallako gada. Ban yi maka godiya ba. A lokacin ina fushi da kai.

Fushin nan kowa a garuruwan biyu ya san shi, domin na faɗe shi a shagon aski, na faɗe shi a gidan mai, na faɗe shi a harabar coci. Shekara talatin da suka wuce, a filinmu, saura kaɗan a tashi, kuna gabanmu da maki uku, ƙwallo na hannunmu a yunƙurin ƙarshe. Yaronmu ya ruga da ita, aka taru aka danne shi dab da bakin sandarka. Bai tashi ba. Kai kuwa sai ka saki sandar, abin da mai riƙon sarƙa ba ya yi ko sama za ta faɗo, ka ruga cikin fili. Da aka gama aka dawo da sandar mazauninta aka auna, sai ƙwallo ta gaza da faɗin yatsa ɗaya. Aka ba ku ƙwallon. Muka sha kashi. Na ce ba a nan sandar take ba, ka matsar da ita. Na faɗa a ranar, na ci gaba da faɗa shekara talatin.

Abin da ba na haɗawa da shi idan ina ba da labarin shi ne, yaron da bai tashi ba ɗana ne, Wendell. Ƙafarsa ce ta karye gida biyu. Kai ka durƙusa a cikin taɓo ka tallafe kansa, ka tuɓe kwat ɗinka ka lulluɓe shi, kana yi masa magana har motar asibiti ta zo. Ni ina tsaye a gefe, riƙe da sandata da hannu biyu. Wendell yana jihar Ohio yanzu da 'ya'yansa. Duk Kirsimeti yana aika maka da kati. Ni sai ya buga waya.

To sai ga wannan magana ta hawa sama. Shekara biyu ke nan da aka kawo mana sabon daraktan wasanni, wani yaro mai suna Prewitt, haƙoransa farare tas, ba ya rabo da murmushi. Ya ce Redfork ta fi ƙarfin rukunin da take ciki, lokaci ya yi da za mu shiga na manya, a nuna mu a talabijin, a faɗaɗa fili, ɗalibai su yi ta tururuwa. Wasu suka ce kuɗin zai cinye kwalejin, yaranmu kuma su zama abin dukan manyan makarantu kowace Asabar. Ni ban san lissafin wannan ba, ba zan yi ƙarya ba. Abu ɗaya na ji: idan muka hau, jadawalinmu ba shi da gurbin ƙaramar kwaleji irin Elmsby, wasan kogi ya ƙare ke nan. Wannan ya yi mini daɗi. Ni ne na fara kafa allon "Mu Hau Sama" a gaban gidana, na juya fuskarsa wajen gada don ka gani.

Da aka kira taron jama'a a ɗakin taron kwaleji, ka zo, kana jan tukunyar iskar numfashi a bayanka. Ka miƙe da ƙyar. Ba ka ce kada mu hau ba. Ka ce, "Ku hau, Allah ya ba da sa'a. Amma ku bar mana Asabar ɗaya. Kakana ya buga wasan nan, jikana na son bugawa." Wani daga baya ya daka tsawa, "Baba, koma tsallake!" Ɗaki ya kwashe da dariya. Ka waiwayo kana neman fuskata a cikin mutane, ka same ta. Na sunkuyar da kai ina duban takalmina.

Ranar wasan Nuwamban da ya wuce ita ce ba na son tunawa. A filinmu aka yi, kuma manyan rukunin sama sun turo baƙi su ga ko mun isa. Prewitt ya sa an fente komai. Ya kuma kawo sabuwar doka: masu riƙon sarƙa duka daga gida za su fito, cikin riguna iri ɗaya, kowa da katin shaida a wuya, domin haka manya ke yi. Ni aka ba ni riga da kati. Kai ba wanda ya ko buga maka waya.

Ina cikin fili na hango ka a ƙofar 'yan wasa, da hularka ja ta Elmsby, filas a hammata, jikanka na tura maka tukunyar iska. Mai gadi ya tare ka. Na ga Prewitt ya zo ya dafa kafaɗarka yana murmushi. Daga baya mai gadin ya gaya mini abin da aka ce. Prewitt ya ce, "Yallaɓai, mun gode da hidimarka, yau hutawa za ka yi, mun tanadar maka kujera a sama." Kai kuma ka ce, "Yaro, to wa zai sa ido a kan Orville? Ai ba ya gani." Ka yi dariya, ka juya.

Da na ajiye sandar nan na taka zuwa ƙofa na ce ba Delbert ba ni, da sun bari. Baƙi na kallo, ba za su so hayaniya ba. Ban ajiye ba. Na riƙe nawa bakin sarƙar, wani ɗalibi da ban san sunansa ba ya riƙe naka, yana taunar cingam yana duba waya. Na ga ka hau matakalar nan ɗaya bayan ɗaya, kana tsayawa kana numfashi, har can saman inda iska ta fi kaɗawa.

Da aka tafi hutu sai ga jikanka ya sauko ya miƙo mini filas ta saman shinge. Ya ce, "Kaka ya ce ka sha, wai kana karkatar da sanda." Na sha, Delbert. Mun ci ku da tazara mai yawa a ranar, mutane suna ta ihu, ni kuwa na tafi gida ta bayan fili don kada mu haɗu. Filas ɗin yana kan teburin kicin ɗina. Kullum ina cewa gobe zan tsallaka in mayar.

Ranar Asabar aka yi jana'iza a cocin Elmsby. Ya cika har waje. 'Yan wasansu sun zo gaba ɗaya cikin kwat. Daga kwalejin Redfork, wadda ka yi wa awo shekara arba'in, wadda ka ciyar da 'ya'yanta a teburinka, ba mutum ɗaya, ba ko furen kallo. An ce suna da baƙi. Na zauna a bencin ƙarshe da niyyar in sulale da zarar fasto ya rufe addu'a.

Lorene ce ta biyo ni har can, da sandarta. Ta ce, "Orville Stamper, tashi. Kana cikin masu ɗaukar akwati."

Na ce, "Lorene, ki nemi wani. Ni ban cancanta ba."

Ta ce, "Wa ya tambaye ka? Shi ya faɗa da bakinsa tun watan jiya. Ya ce a ba ka hannun gaba, domin a duk mutanen da ya sani kai kaɗai ne idan aka ba ka riƙon abu ba ka saki, ko me ke faruwa."

Na dubi fuskarta in ga ko zagi ne. Ita ma hawaye take tana dariya. Ta ce, "Haka ya ce in faɗa maka, kalma da kalma."

Na riƙe. Daga ƙofar coci har bakin kabari, kan tudu, ga ƙanƙara, ga gwiwata da ta daɗe da lalacewa. Wendell ya taso daga Ohio, shi ne a bayana, yana ɗingishi da ƙafar nan. Ba ka da nauyi, Delbert. Ciwon ya cinye ka, ni kuwa ina tsallaken gada ɗaya ban sani ba.

Ranar Alhamis mai zuwa kwamitin amintattun kwalejinmu zai zauna ya yanke ko za a hau ko ba za a hau ba. Na tumɓuke allon gidana, yana cikin murhu. Na riga na kai wa Prewitt rigarsa da katinsa, na ajiye masa a kan tebur. Ya ce, "Baba Orville, zauna mu yi magana mana." Na ce maganata ta ranar Alhamis ce. An ce kowa zai sami minti uku. Ba na bukatar uku. Abin da ka faɗa aka yi maka dariya shi zan maimaita: ku hau in za ku hau, amma ku bar Asabar ɗaya, kuma ku mayar wa Elmsby bakin sarƙarta. Watakila su yi mini dariya ni ma. Watakila sun riga sun gama shawara tun kafin a buɗe ƙofa, don haka masu manyan takalma ke yi. Idan suka ƙi, to su nemi wani ya riƙe musu sanda. Da baƙo ba zan ƙara riƙe ta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lorene, wadda ta zauna da shi shekara hamsin da shida, da 'yarsu Darlene, da jikokinsu, musamman Cody da ya kawo mini kofi, da dukan mutanen Elmsby. Ku yafe wa garinmu. Ku yafe mini, ni da na fi kowa kusa da ƙofar nan. Lorene, filas ɗin zan kawo ranar Lahadi bayan coci, na wanke shi.

Allah ya jiƙanka, Delbert. Ya gafarta maka kurakuranka, ya sauƙaƙa maka kwanciya, ya ba ka numfashin da ramin kwal ya hana ka. Ya ba iyalinka haƙuri da ƙarfin zuciya, ya tsaya musu kamar yadda ka tsaya wa 'ya'yan wasu. Mu da muka saura, ya ba mu kyakkyawan ƙarshe, ya sa mu daina jiran gobe.

Maganar faɗin yatsan nan kuwa, har yanzu ina ganin ba a nan sandar take ba. Amma da ka tsaya ka riƙe ta kamar yadda na riƙe tawa, da ɗana ya kwanta a taɓo shi kaɗai. Na bar muku wasan. Ka huta lafiya, ɗan tsallake. Amin.

Orville Stamper, Redfork.