Shirun Injin Barnaba

Duk wanda ya zauna unguwar Gidan Dare ta Sakkwato a zamanin da soja ke mulki, kuɗin man fetur kuma na yawo a gari, ya san Barnabas mai fentin mota. Ko bai san fuskarsa ba, ya san ƙarar injinsa. Mutanen unguwa Barnaba suke ce masa. Mutumin kudancin Zariya ne, gajere mai faɗin ƙirji, wanda farcensa bai taɓa rabuwa da launin motar da ya gama jiya ba. A Kaduna ya koyi sana'a, sannan ya biyo ma'aikatan da aka turo Sakkwato lokacin da aka ƙirƙiro jihohi, shi da matarsa Rifkatu da akwatin ƙarfe guda.

Wanda ya ba su wurin zama Malam Tukur ne, dattijo mai fataucin hatsi, wanda kuma yake jan salla a ɗan masallacin ƙofar gidansa. Ya yanka musu sashe a gefen gida, har da filin da Barnabas ya kafa rumfar kwano ya mai da shi gareji. Ranar da aka sauke injin iska, wato mai hura bindigar fenti, maƙwabta suka yi wa dattijon ca. Inji a jikin masallaci, kuma a hannun wanda ba ya salla? Malam Tukur ya bari suka gama, sannan ya ce, "Baƙona na. In ya ɓata muku, ni za ku tuhuma."

Injin nan kuwa bala'i ne. Na fetur ne, da igiya ake tayar da shi, in ya tashi kaji na watsewa, kwanon rumfa na kakkarwa. Ba wanda ya kafa wa Barnabas doka, amma tun ranar farko da ya hango ladan ya kama kunne, sai ya miƙa hannu ya kashe. Shiru ya sauka a unguwa kamar an sauke wa jaki kaya. Ya fito ƙofar gareji ya zauna bisa tsohuwar taya, bai koma ba sai da aka shafa addu'a. Haka ya ci gaba da yi, azahar da la'asar, rani da damina. Kuma ba ƙaramar asara ba ce, don fenti ba ya son a tsaya masa a tsakiya. In shafi ya bushe rabi, gaɓar tana nan ko makaho ya shafa zai ji. Dole ya koyi auna aikinsa da inuwar katanga, ya san ƙofar motar da zai iya gamawa kafin a kira.

A haka suka zama 'yan gida. Da salla akushin Hajjo, matar Malam Tukur, yake fara isa ɗakin Rifkatu. Da Kirsimeti shinkafar Rifkatu ke ƙetarawa, naman kuma Malam Tukur da kansa yake yanka musu don kowa ya ci. Barnabas ya baro ubansa a kabari can gida, ga shi ya tsinci wani a Sakkwato, Baba yake ce masa kuma har zuciya.

Sai aka yi rabon kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata. Malaman ofis da jiya suke kan keke suka wayi gari da mota, kuma da yawansu sun riga sayen mota kafin koyon tuƙi. Garejin Barnabas ya cika da motoci masu goshi a lotse. Injin ya koma aiki daga hantsi har faɗuwar rana. A daidai lokacin ne ciwon kai ya kama Hajjo, ga ɗakinta a jikin katangar gareji. Ba ta taɓa cewa uffan ba, Rifkatu ce ta shiga ta tarar da ita ta ɗaure kai da ɗankwali biyu, ta toshe kunne da auduga.

"Baban Martha," in ji Rifkatu, "injin nan zai kashe Inna muna kallo."

Abin ya tsaya masa a rai. Ya hau mota sai Kano, ya yini yana zaga kantunan injuna yana wahalar da masu kanti. Duk wanda aka nuna masa sai ya ce a tayar, shi kuma ya fita waje ya jawo ƙofa ya kasa kunne. Masu ƙarfin duk masu ihu ne, marasa ihun kuma ko tayar keke sai sun yi nishi. Daga ƙarshe ya samu wani na lantarki, mai kai biyu da tanki kamar ɗan maraƙi, bel ke juya shi a hankali. Ya fita, ya rufe ƙofa, ya dawo yana faɗa wai me ya sa ba a tayar ba. Mai kanti ya yi dariya ya nuna masa allurar ma'aunin iska tana hawa.

Ranar da aka kafa shi, Barnabas ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Hajjo ta cire auduga. Da ladan ya kira la'asar, yana tsakiyar rufin motar wani hafsan soja da ya ce gobe yake son abarsa, hannunsa ya tafi wajen makunni don sabo, sai ya tsaya. Wa injin yake damu yanzu? Ko shi da ke tsaye a kansa da ƙyar yake ji. Ya ci gaba da feshi, ransa fari, yana ganin ya raba gardama: ga salla ba a dame ta ba, ga fenti ba gaɓa.

Kaico, Barnabas! Gwani ne wajen gane launi, amma bai iya karanta fuskar Basakkwace ba. Masu zuwa masallaci suna wucewa ta ƙofar gareji, tayar da yake zama babu kowa, sai bayansa suke gani a duƙe. Ba wanda ya tanka masa. Malam Tukur suka tanka wa, shi ma a kaikaice. Wani ya ce, "Malam, ɗan naka ya yi arziki, ya hi ƙarhin zama bisa taya." Aka yi 'yar dariya, dattijon bai yi ba.

Daga nan gaisuwar Malam Tukur ta fara gajarta. Mutumin da in ya tsaya sai ya tambayi Martha da makarantarta da tarin Rifkatu, ya koma "Lahiya lau" yana tafiya. Barnabas ya ɗauka tsufa ne, ko kasuwar gero ce ta faɗi. Ya damu ƙwarai, har ya daina cin abinci sosai, amma ko sau ɗaya bai kalli injin da zargi ba. Ai don su ya saye shi.

Bayan ƙaramar salla Muntari, ɗan ƙanen Malam Tukur, ya zo ya tsuguna a ƙofar gareji yana wasa da tsinke. Ya ce Baba ya ce a gaya masa ana son filin, za a gina rumbun ajiyar hatsi, amma ba gaggawa, sai ya samu wuri.

Barnabas ya ajiye bindigar fenti, ya yi sallama har ƙofar ɗakin Hajjo, ya durƙusa daga waje.

"Inna, don Allah me na yi wa Baba?"

Hajjo ta ce daga bayan labule, "Barnaba, da can in ka kashe wanga abu, unguwa duka tana sanin ka kashe. Malam har tsayawa shikai shi ce ma mutane, kun ji ɗana. Shi na abin da yat tsaya maka da shi gaban jama'a. Yanzu mi za shi nuna musu?"

"Inna, saboda kanki na sayo shi."

"Na sani, ɗana. Na hwaɗa mai. Allah shi yi ma albarka, kaina ya yi sauƙi. Amma ya riga ya ba jama'a magana za ka tashi."

Barnabas ya samu Malam Tukur a zaure, ya cire hula, ya ba da haƙuri iyakar iyawarsa. Dattijon ya saurare shi yana jan carbi, ya ce, "Haba Barnaba, ba ka yi man komi ba. Hatsi na ad da yawa bana." Da ma zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi, don wanda ya ce ba a yi masa komai ba, ba a san ta inda za a roƙe shi ba.

A unguwar Arkilla Barnabas ya ƙare rayuwarsa. Ya gina gidan kansa, ya aurar da Martha, injin nan ya yi masa aiki har ƙarfinsa ya ƙare bai taɓa ba shi kunya ba. Amma duk wanda ya yaba masa injin, sai ya ga fuskarsa ta canza.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne la'asar ɗin ranar da ya fito daga zauren. Ya koma gareji, ladan ya kira, ya danna makunni da ƙarfi har yatsansa ya yi zafi. Injin ya mutu. Ya tsaya yana sauraro, unguwa tana nan yadda take, awaki na kuka, wata mata na daka can nesa. Ba abin da ya ragu. Ya fito da sauri don a gan shi, amma an riga an tayar da salla, kowa ya ba shi baya, ba wanda ya san ya kashe.