Ɗorawar Da Ta Lanƙwasa Hanya

Shekarun baya can, tun Bature yana mulkin ƙasar nan, tun haƙorana suna nan cif, aka zo za a sare mini ɗorawa. Ku da kuke ganina yau a kan tabarma kamar ban taɓa ɗaga wa kaza murya ba, ku matso ku ji.

Gubuchi aka kai ni aure. Ɗorawar tana tsakiyar gonar gidan mijina, amma ba tasu ba ce. Asalin gonar ta kakana ce. Da mutanenmu suka tashi suka koma Taba, aka bar wa dangin mijina ƙasar su noma, itacen kuwa ya zauna a hannun mahaifiyata. Haka muka taso muka tarar: gona da mai ita, ɗorawa da mai ita. Ranar da za a kai ni, mahaifiyata ta ce, "Garar da na yi miki ba za ta kai kaka ba. Waccan ɗorawar ita ce garar da ba ta ƙarewa. Na ba ki." A jikinta nake samun kalwar daddawa, da garin da yara ke sha, da makubar daɓe. Gishirina, sabuluna, zanen sallata, duk daga kanta suke saukowa.

Wata bazara, mijina ya tafi cin rani wurin haƙar kuza bai dawo ba, aka ce za a ja hanyar mota don kwasar auduga zuwa Makarfi. Na fito da safe da maƙatata ta kaɗo ɗorawa, goyo a baya, sai na ga an kafa turaku a jere sun ratsa gona, sun nufi gindin ɗorawata kamar aiko su aka yi. An shafa wa jikinta farar ƙasa. Leburori suna zaune suna wasa gatura. A inuwarta fa suke zaune!

Yayan mijina, wanda gidan ke hannunsa, yana tsaye tare da su. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, me ɗorawa ta yi?"

Ya ce, "Hanya ce ta biyo ta kanta. An ba mu diyya jiya. Koma gida."

Na ce, "Diyyar gona ko ta ɗorawa?"

Ya kawar da kai. Ni kuwa na jingine maƙata, na juyo da goyona gaba, na zauna na manna bayana da itacen. Ba jarumtaka ba ce, wallahi. Wata dabarar ce ba ni da ita.

Da hantsi sai ga Baturen awon hanya a kan doki, da hularsa mai kama da akushi, maigari a gefe, tafinta a gaba. Tafintan nan ɗan birni ne, takalminsa har ƙara yake. Ya dube ni ya ce, "Ke baiwar Allah, tashi. An gama maganar nan."

Na ce, "Malam, da wa aka gama ta?"

Ya yi murmushin wanda zai koya wa jaki karatu. Ya ce, "Bari in fahimtar da ke. A Turanci biya ba ɗaya ba ne. Akwai biyan mutum, akwai biya a kan kaya, akwai na hannu da hannu, akwai na kafin aiki. Kowanne da 'yar kalmar da ake liƙa masa kamar jela, in ka sauya jelar ka sauya magana. Wanda aka yi a nan shi ne babbansu, fuli-fed. Cikakken biya ke nan, ba saura, ba waiwaye."

Har yau kalmar nan tana kunnena. Ita kaɗai na sani a Turanci, kuma ba da son raina na koye ta ba.

Na ce, "To Malam, cikin masu jelar nan naku, akwai wanda ake ba mutum kuɗin akuyar maƙwabcinsa a ce an gama?"

Leburori suka fashe da dariya. Yaya ya ce, "Ki rufa mana asiri, ke!" Bature ya tambayi abin da ake wa dariya, tafinta ya yi ta kewaye-kewaye. Sai na juya wajen maigari na ce, "Ranka ya daɗe, ka san kakana. Tsakaninka da Allah, ɗorawar nan ta wa ce?"

Tsohon ya shafa gemu, ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Gona tasu ce. Itace na uwarta ne."

Aka fassara. Ashe shi Bature a tunaninsa wanda ya mallaki ƙasa ya mallaki duk abin da ya tsiro a kanta. Bai yi gardama ba. Ya sa hannu a jaka ya zubo sulalla a tafin tafinta, ya ce a ba mai itace, a ci gaba da aiki.

Nan ne fa gwajin yake. Ban taɓa ganin kuɗi haka a wuri ɗaya ba. Zanena ya ƙoƙe, miji ba ya gari. Yaya ya sunkuyo ya ce, "Karɓi, kin samu fiye da namu." Hannuna har ya motsa, ba zan ɓoye muku ba. Sai iska ta kaɗa, 'ya'yan ɗorawa suka yi kacau-kacau a kaina.

Na ce, "Malam, tambaye shi, sulallan nan suna haihuwa da bazara?"

Ya ce, "Me kike nufi?"

Na ce, "In yana son ta, ya biya ni yadda take biyana. Kowace bazara a kawo mini kalwa da gari da makuba har ƙofar ɗaki, har ranar da za ta mutu don kanta. In na riga ta tafiya, a kai wa wannan da ke cinyata."

Tafinta ya zaro ido. "Ke, ai wannan ba biya ba ne, haraji ne!"

Na ce, "To ai ku kuka iya shi. Kowace shekara mazanmu suna bayarwa, ban taɓa jin an ce musu fuli-fed ba."

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Maigari ya shiga salati a hankali. Bature ya ji kalmarsu a bakina, ya nuna ni da bulalar dokinsa, ya matsa wa tafinta sai ya faɗa masa duka. Na ga wuyansa ya yi ja kamar gauta. Na ce a raina, shi ke nan, yau a gidan yarin Zariya zan kwana, ko wa zai kwashe mini kalwar da na shanya?

Baturen ya sauko daga doki. Ya zagaya ɗorawar, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rassanta. Ya taka ya yi gabas yana auna ƙasa da ƙafa, ya dawo. Sannan ya yi magana gajeriya, ya karɓe sulallansa. Tafinta bai dube ni ba, ya ce wa leburori, "A cire turaku, a matsar da su gabas."

Matsarwar nan ta ƙara cin gonar gidanmu kunyoyi da yawa. Yaya bai amsa gaisuwata ba har aka yi girbi, amma ban ga ya ture miyar da aka sa wa daddawata ba. Mijina da ya dawo aka ba shi labari tun a bakin gari. Ya shigo ya tsaya yana kallona, ya ce, "Ke da ko kare ya yi haushi sai kin ɓuya a bayana?"

Ban san ko tausayi Baturen ya ji ba, ko dai ya ga sarewar ta fi lanƙwasawar tsada. Ban tambaye shi ba, bai faɗa mini ba. Abin da na riƙe shi ne, duk wanda ya zo yana gaya maka an gama magana da yaren da ba ka ji, tambaye shi da wa aka gama ta.

'Yar da ke cinyata ranar ita ke kaɗe ɗorawar yanzu, ita ma ta yi furfura. Direbobi in sun iso wurin sai su rage gudu suna tsaki, suna cewa wane mahaukaci ne ya lanƙwasa hanya a fili fetal. In kun ji suna tambaya, ku ce musu mahaukaciya ce, kuma tana nan da ranta.