Hannun Abarci

A duk ƙasar Dakoro ba a taɓa yin mai riƙo irin Jimrau ba. Shi ya faɗa da bakinsa, ba kuma wanda ya musa, don ya je yaƙin Jamus ya dawo da muƙamin kafaran, wato kofur, da lambar girma da kunne ɗaya da ba ya ji.

Wanda ya riƙe a zuci Abarci ne, gardin kumandan, wato dogarin Bafaranshe mai mulkin ƙasar. Shekarar ɗibar soja, Abarci ya tarar da shi a bakin rijiya, ya ɗaura masa igiya a ƙugu, ya ja shi kamar maraƙi. Jimrau ya rantse sai ya karya hannun da ya ƙulla igiyar nan. Da ya dawo ya sari sandar aduwa, ya shafe ta da man shanu, ya jingine bayan ƙyaure.

Sai matarsa Hanatu ta rasu a kan gwiwa, ta bar masa jaririya, Zara. Nonon akuya ya ƙi zama a cikinta. A unguwar kuwa mace ɗaya ce ke shayarwa: Safi, matar Abarci.

Kowace safiya Jimrau kan goya 'yarsa da tsohon bargon soja, ya je ƙofar maƙiyinsa ya yi sallama.

"Kafaran, an kawo 'yarmu?" in ji Abarci.

"An kawo. Ya hannu?"

"Lafiya lau."

"A kula da shi. Ranar yaye ina da magana da shi."

Jimrau bai yi wasa da ranar ba. Ya koyi daka, ya koyi dama kunu, mata na dariya a bayan darni, duk don yarinya ta yi ƙwari da wuri. Da lokaci ya yi, da kansa ya ɓamɓaro ɓawon maɗaci aka shafa wa nonon Safi. Zara ta lashe, ta yamutsa fuska, ta ci gaba da sha. Sai da aka ƙara wata damina.

Ranar da ta saki nono ya ɗauki sandarsa. Zara ta riga shi zuwa, da ƙafarta. Ya tarar da Abarci a tabarma yana ba ta fura a ludayi, da hannun dama, wanda ya ƙulla igiyar nan. Liman ya daɗe da gaya masa mijin mai shayarwa uba ne, amma a kunnen da ba ya ji ya faɗa. Jimrau ya tsaya jiran ta ƙoshi. Ta ƙoshi, ta yi barci a kan hannun.

Ya ɗaga maganar sai ta yi wayo, bayan nan sai an gama girbi.

Abarci ya rasu shekarar da Faransawa ke haɗa kaya, hannuwansa biyu lafiya. Sandar tana nan, Zara ke kaɗo magarya da ita.