Jan Lalle a Bakin Farce

Har gobe ba zan manta da ranar Talatar da lalle ya raba ni da kujerar wasa ba. Lokacin ina aji uku a kwalej ɗin Waca, muna cikin vakans, wato dogon hutu.

Yayana Sani yana da shagon cajin salula a bakin tasha. Kullum bayan la'asar yakan buga wasan ƙwallo na cikin waya, yana watsawa kai tsaye. Ga wanda bai san tsarin ba, waya biyu ake haɗawa: ɗaya ta wasa, ɗaya a ɗaure jikin sanda, ba ta ɗaukar komai sai allon da manyan yatsun mai bugawa. Masu kallo su yi ta rubutu a ƙasa. Aikina in karanta masa saƙonninsu, in kula da rezo, wato sabis ɗin waya.

Da lauje ya yanke masa yatsa a gona, sai muka yi musanya: ni wasa, shi surutu. Sati biyar ba a cinye mu ba. "Sani, ka ƙara wuta!" suke rubutawa. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, na ji daɗin yabon nan, ko da ba sunana ake kira ba.

Sai bikin ƴar gwaggona ya taso a Bande. Da aka zo ƙunshin lalle na cusa hannuwa cikin hijabi, Gwaggo ta fizgo su. "Ke namiji ce? Miƙo nan!"

Da na dawo na dirje da toka da lemon tsami, lallen bai fita ba. Yaya ya ce, "Wa zai lura? Zauna."

Minti biyu ba a yi ba suka lura. "Sani, yaushe aka kai ka ɗakin miji?" "A koma gindin murhu!" Cikin hayaniyar sai ga saƙon wani mai kallo, Damisan Dogo-Dogo, wanda kullum muke ɗauka namiji ne: "Ƴar'uwa, kar ki tashi. Ni ma wayar wana ce."

Ban kai ga amsawa ba Yaya ya kashe. "Ba don ni ba, Hadiza," ya ce, "kar maganar ta kai kunnen Baba."

Yatsansa ya warke, na koma karatun saƙo. Damisa ba ta sake rubutu ba, ko sunanta na gaskiya ban sani ba.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, sunan da ke saman allo ba lallai shi ne mai wasan ba. Yanzu duk wasan da na kalla, ba ƙwallon nake bi ba. Yatsu nake dubawa, ko zan ga ɗan sauran jan lalle a bakin farce.