Badarou da Hoto Mai Zurfi

Badarou ɗan ƙanwata ne. Tartsatsin walda ya cinye masa idon hagu a wani gareji a unguwar Akpakpa, yana da shekara goma sha tara. Tun daga nan, ko kofi zai ɗauka sai ya karkata kai dama da hagu kamar ƙadangare kafin ya miƙa hannu. Ya ce da haka yake gane na kusa da na nesa.

Shekarar da aka yi Konferans, babban taron ƙasa da ya kawo siyasar jam'iyyu, bakin kowa ya buɗe, kowa kuma hoto yake nema: na katin shaida, na jam'iyya, na takara. Badarou ya sayo tsohuwar kyamara a kasuwar Tokpa-Hoho, ya nemi hayar ɗakin bakin titi na Alhaji Mounkaïla, nan Zongo. Alhaji ya hana. "Mai ido ɗaya? Ai sai ya yanke wa mutane kawuna. Mai gyaran zemijan, baburan haya, zan ba."

Na ce to, da nawa kan za a fara. Badarou ya zaunar da ni bayan kwandunan gorona, masallaci can nesa.

"Inna, sau biyu zan ɗauka. Don Allah kada ki motsa a tsakani."

Ya dogara kan ƙafar hagu, ƙyas. Ya koma kan ta dama, ƙyas. Ni kuwa a tsakanin na hango wata tana lallatsa mini goro, na faɗa mata abin da ya dace da ita.

Da ya wanko hotunan biyu, ya ɗora ɗaya kan ɗaya, ya manne gefen sama kamar murfi. Da ƙafata na kai wa Alhaji.

"Ɗaga na sama ka saki, ɗaga ka saki. Da sauri, ba shafa addu'a kake ba."

Ya yi. Kwanduna suka yo gaba, masallaci ya ja baya, ga ni a tsakiya, kamar ka zura hannu ta bayana. Bakina kuma buɗe, rufe, buɗe, rufe.

Ya kira sunana: "Subhanallahi! Mamata, ko a takarda ba kya yin shiru?"

"Alhaji, idonka biyu, shekararka sittin. Ka taɓa ganin takarda mai zurfi?"

Ya rufe ido ɗaya, ya sake gwadawa, zurfin na nan. Ya daɗe a haka, sannan ya laluba aljihu ya ciro makulli.

Shekara shida ke nan Badarou yana ɗakin, daga unguwar Placodji ma zuwa ake. Ya roƙe ni ya sake ɗaukata, wai bakin ya ɓata masa aiki. Na ce bakin ne ya samo maka ɗaki, bar shi yadda yake.